Yadda Akuyar Iya Ta Jawo Mini Ruƙiyya

Damina ta kayar da ɗakin kakarmu a Gafasa, muna kwasar ƙasa sai ga tulu maƙil da wuri. Nan take na naɗa kaina masanin halittun teku, ni da iyakar ruwan da na sani Kogin Wudil ne, shi ma daga kan gada.

Na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, na zazzage, na shiga warewa. Ashe iri biyu ne. Mai ɗan ƙusumbi a gefe, shi ne na tsibiran Maldibis, masana na ce masa Monetaria moneta. Mai sulɓi da zobe ruwan ɗorawa a gadon baya kuwa Monetaria annulus ne, na gaɓar Zanzibar, wanda fataken Jamus suka yi ta jibgewa a gaɓar Afirka ta Yamma tun wajen 1845 har darajar wuri ta zube. Da Bature mai yawon bincike Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake canza riyal ɗaya, ka ga kaka ba ƙaramar ajiya ta gada ba.

Ina juya su ina ƙunƙuni, sai wata dattijuwa ta durƙusa, ta ajiye ɗari biyar.

"Malam, akuyata ce ta ɓata."

"Iya, ni fa ba duba nake yi ba. Kin ga mai zoben nan? Daga gabas ya zo, bakin ruwa."

"Gabas, bakin ruwa! Allah ya ƙara basira."

Kafin in buɗe baki ta yi gaba. Tsautsayi kuma ba ya wuce ranarsa: a bakin kududdufin gabas ta tarar da akuyar tana tuƙa.

Washegari na fito na ga layi. Mai neman kansila, mai son sanin me kishiya ke ƙullawa, har da saurayin da aka hana mata. Ana haka kawu ya dawo daga masallaci da carbi a hannu.

"Kai! A gidan malamai za ka buga wuri?"

"Kawu, ilimi ne. Wannan Monetaria, wannan annulus..."

"Innalillahi! Har sunayen aljanun ya haddace!"

Ƙarti huɗu suka danne ni aka yi mini ruƙiyya, aka ɗura mini rubutu ƙwarya guda. Tulun yanzu yana ɗakin kawu da kwaɗo.

Jama'ar Gaya da Ajingi masu biyo sawu, don Allah ku daina ɓarnar kuɗin mota. Mai cigiyar dabba ya nufi gidan mai unguwa.