Ranar da Aka Yi wa Fuskata Tint

Toyota Celica ce ƙirar 1990, ja, mai ƙofa biyu da fitilun gaba masu ɗagowa sama in an kunna. Mai yin tint ya zagaya ta, ya shafa gilashin baya, ya faɗi kuɗin da ya sa na ce masa sai na dawo. Daga wurinsa kasuwar Ƙofar Ruwa na wuce, na sayo naɗin baƙar leda da reza, na aro na'urar hura zafi.

Gilashin bayan irin wannan mota ta hanya biyu ya lanƙwasa, daga sama zuwa ƙasa, kuma daga gefe zuwa gefe. Ita kuwa leda miƙaƙƙiya ce, don haka aikin tamkar naɗe ƙoƙo da takarda ne. Sai ka fara shimfiɗa ta ta waje, kana hura mata zafi tana tsukewa, kana danne duk inda ta yi tudu da tsohon katin ATM. Kuma ta tsawon naɗinta kaɗai take tsukewa. Idan ta ɗauki siffar gilashin, sai ka yanka, ka ɓare bayanta, ka fesa ruwan sabulu, ka manna ta ta ciki, kana lallaɓa siraran wayoyin ɗumama gilashi, waɗanda aka yi don sanyin ƙasashen Turai, amma suka ƙare a zafin Kano.

Ƙarfen da ke riƙe murfin but ya mutu tun kafin motar ta zo hannuna, sai na tokare murfin da taɓaryar gidanmu.

Maƙwabcina Alhaji, tsohon direban tirela, ya jawo benci ya zauna.

"Malam, me ya hana ka rataya labule? Ni da shi na yi ta zuwa Legas."

Na ce masa wannan aikin zamani ne.

"To ka shafa man gyaɗa, zai fi kamawa."

Da ya ga ina hura zafi, sai ya ce in kawo dutsen guga na gawayi. Da ledar ta yi tudu, ya ce in bar ta ta kwana, da safe za ta sauka da kanta. Da na ce iska tana kawo ƙura, ya ba ni shawarar in jira damina. A lokacin muna tsakiyar hunturu.

Duk da haka ledar ta ɗauki siffa. Na kwantar da kujerun baya, na shiga but na durƙusa, na ɓare bayan ledar, na jiƙa ta sharkaf, na ɗaga ta sama da hannu biyu. Gefen da ke da gam yana kallon gilashi, saura kamu ɗaya su haɗu.

Sai na ji muryar 'yar autata: "Baba, Mama ta ce a ba ta taɓaryarta."

Ba ta jira amsa ba, yarinya ce mai jin aike.

Har yanzu ina ganin abin daki-daki. Taɓarya ta zame. Murfin ya ɗan tsaya, ya ba ni damar in ce "Ke!", sannan ya taho. Na ja ledar don in kare kaina, ta juya a hannuna, gefen gam ya koma kallona. Murfin ya dungure mini ƙeya, na faɗi rigingine, ledar ta bi ni ta kwanta. Ta kama goshi, ta kama hanci, ta zagaye gemu har bayan kunne. Abin da ta yini tana ƙin yi wa gilashi, ta yi wa fuskata shi cikin daƙiƙa guda, babu tudu ko ɗaya. Sai ƙarar makulli, ƙyas.

Ina kwance, ruwan sabulu a ido, hula ta shige ƙarƙashin kujera, yatsuna sun manne da kumatuna. Duniya ta yi duhu mai sanyi, wanda ya nuna ledar mai kyau ce. Cikin duhun nan na hango farar babbar riga tana matsowa. Surukina ne, ya zo duba jikokinsa. Ya sunkuya, ya kare ido da hannu, ya leƙo ta gilashin da babu ko ɗigon tint a jikinsa.

Mutum ba ya ganin suruki ya yi shiru. Na yunƙura in durƙusa, kaina ya sake bugun gilashi, na ce, "Barka da zuwa, Baba." Abin da ya fita ta cikin leda bai yi kama da gaisuwa ba. Ya ce, "Sannu da aiki," ya juya, kafaɗunsa suna rawa.

Alhaji bai tashi daga benci ba sai da ya gama goronsa. Ya zo ya buɗe murfin, ya daɗe yana duba aikin, ya taɓa gefen kunnena ya ji ya kama.

"Ai ka iya, Malam. Sai dai kada ka hau titi a haka. Baƙin gilashi sai da takardar izini."