Yallaɓai, Wai Takarda Ce Ke Ba Ka Tsoro?

Ku matso kusa, 'yan "ai duk cin kuɗi ne". Da an ambaci rahoton muhalli sai ku taɓe baki, wai wata dabarar tatsar 'yan kasuwa ce aka ƙirƙiro a Abuja. Alhaji mai injin wankin kuza a Bukuru, har da kai nake, daina sunkuyar da kai.

To bismillah, mu zaga Filato. Daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi, kududdufan nan da ake ɗaukar hoton biki a bakinsu, kun ɗauka daga sama suka faɗo? Ramukan kuza ne. Tun farkon shekarun 1900 Turawan Ingila suka soma haƙa, kamfanoni irin su ATMN suka kwashi rabonsu, da kasuwar kuza ta duniya ta karye a 1985 aka watse aka bar mana ramuka. Masu lambu sun samu ruwan rani, ba musu, amma ku tambayi mutanen ƙauyukan nan gonaki nawa suka salwanta, mutane da dabbobi nawa ruwan ya ci.

"Ai aikin Bature ne." Madalla. A Zamfara fa, a 2010? Babu Bature a Bagega da Dareta lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400, saboda ana niƙa dutsen zinare a tsakar gida ba wanda ya auna abin da ke cikinsa.

Dokar muhallin ma ba don nishaɗi aka yi ta ba. Sai da aka jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko a 1988 gwamnati ta farka ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. A 1992 aka wajabta nazarin illar babban aiki ga muhalli kafin a sa diga a ƙasa. A 2007 aka kafa hukumar NESREA mai sa ido kan bin dokokin muhalli, aka kuma yi dokar ma'adinai da ta ɗora wa mai haƙa nauyin gyara wurin da ya tona. Tambayoyin da ke cikin rahoton kuwa ba su wuce waɗannan ba: me kake zubarwa, a ina, nawa ne, yaya za ka cike raminka? Wanne ne ya ɗaga maka hankali, Alhaji? Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

"Wa ke karantawa?" Yauwa, nan kun yi magana. Akwai rahoton da ake kwafowa a canza sunan gari kawai. Amma ƙaryar da aka sa wa hannu tana da mai ita, ana iya kai shi gaban alƙali. Kuma akan baje rahoton nazarin na kwanakin aiki 21 don jama'a su duba su yi ƙorafi. Malam mai ƙorafi a majalisar mai shayi, ka taɓa leƙawa?

A Fabrairun 2025, da Gwamna Caleb Mutfwang ya dakatar da haƙar ma'adinai a faɗin Filato aka shiga tantance masu haƙa, gwanayen raina takarda ne suka fi kowa zazzage durowa. Saboda haka, ranka ya daɗe, kira mai awo ya ɗebi ruwan da ke fita ta bayan masana'antarka. In ka tabbata tsaf yake, ga kofi, kai za ka fara kurɓa.