Ina Ka Sauka?

Duk wanda ya dawo daga Kano, Abuja ko Legas ya sauka a bakin titin Shagari ko tashar Boɗinga, tambaya biyu ke jiransa. Ta farko, ina tsaraba? Ta biyu, ina ka sauka? Ta farkon burodi ɗaya kan kashe ta. Ta biyun kuwa ita ke sa dattijo mai furfura ya gyara murya ya fara ƙage, domin a wurinmu mutum ba ya zaɓen masauki da nauyin aljihunsa. Da abin da za a faɗa a majalisa yake zaɓa.

Kalmar otal kanta abin kunya ce. Ka ce ka kwana a otal, sai a yi shiru, wani ya ce, "To, Allah shi kyauta." Ka ce mai tsada ne, an gano kana da kuɗi, gobe da asuba masu neman rance na ƙofar gida. Ka ce mai araha ne, a ce ka zubar da mutuncin gari. Shi ya sa aka ƙirƙiro amsar da ba ta da kai ba ta da ƙafa: "Wurin mutanenmu na sauka."

Mutanenmun nan yawanci mutum ɗaya ne, wani bawan Allah ɗan gari da ke ƙaramin aiki a birni, yana haya ciki da falo. Ba a yi masa waya tun daga gida, don kada ya samu damar cewa ya yi tafiya. Sai an iso tasha da tsakar dare ake kira: "Yaro, kawunka na. Ga mu nan mun iso, taho ka ɗauke mu." A kula da wannan "mu". Cikinta akwai kawu, da abokin kawu, da wani yaro da aka kawo a nema masa aiki. Addini ya ce baƙunci kwana uku ne, abin da ya ƙaru sadaka. Kawu ya san wannan sarai. Dabararsa ita ce duk ranar da ya leƙa kasuwa ya dawo, sai ya sake ƙirga daga ɗaya.

Kakanninmu fatake sun fi mu gaskiya. Wanda ya kai shanu ko ya je saro goro Sabon Ibadan ko Agege, gidan fatoma yake sauka. Fatoma ya ba shi wurin kwana, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi, ya nemo mai saye, ya tsaya masa a kan bashi, sannan ya ci la'adarsa idan ciniki ya faɗa. Wani masani, Abner Cohen, har littafi ya wallafa a 1969 kan wannan tsari na Hausawan Ibadan. Mu jikoki mun riƙe kwanan kyauta da tuwon kyauta, la'adar ce kawai muka bar wa tarihi. Fatoman yau abin da yake samu shi ne "Allah shi yi albarka", da roƙon kuɗin motar komawa.

Akwai kuma jarumai masu cewa ba za su ɗora wa kowa nauyi ba. Su ne ke miƙa wuya ga ɗan acaɓa ko mai adaidaita sahu su ce, "Kai ni inda babu tsada." Shi kuwa yana da nasa kason a wurin mai masauki, don haka sai ya wuce wurare goma masu kyau ya dire ka a lungun da ko shi da rana kawai yake shigarsa. A bango an rubuta akwai wuta da ruwa dare da rana. Ba ƙarya aka yi ba. Wutar tana cikin janareton da ake kashewa da zarar ka biya, ruwan kuma yana rijiyar maƙwabta. Fanka na juyawa kamar mai bin bashin da ya san ba za a biya shi ba. Katifa tana da mazauna tun kafin ka zo, kuma ba su yi niyyar tashi ba. Maƙullin ɗakinka yana buɗe ɗakuna huɗu, wanda ke nufin na mutum huɗu yana buɗe naka. Baƙo ya kwana a zaune rungume da jaka, da safe ya sayi maganin zazzaɓi da kuɗin da ya ce ya tsimi. Araha dai ba ta ado.

Na Abuja ya fi ban dariya. Ɗan Shagari na shiga garin da ƙafar dama, yana tuna cewa a mulkin Alhaji Shehu Shagari, tsakanin 1979 da 1983, aka tasam ma gina shi gadan-gadan. Ji yake yana da gādo a ciki. Da magariba ta yi, magajin nan sai ya nufi Mararaba, wadda ma a jihar Nasarawa take, ko Zuba, can ya samu katifar da aljihunsa zai iya. Da safe ya sha cunkoson mota, ya biya kuɗin da ya kusa cinye rangwamen daren jiya, ya makara wurin da ya zo dominsa. Amma kafin ya koma gida dole ya je Maitama, ya tsaya a ƙofar wani katafaren otal, ya karya hula, a ɗauke shi hoto kafin mai gadi ya hango. Hoton na hawa Facebook, 'yan gari su yi ta zuba "Masha Allah, Alhaji", masu neman rance kuma su fara shiri.

Maganin ba shi da wuya, sai dai ba mai sha. Ka duba ɗaki da idonka kafin ka biya. Ka buɗe famfo, ka ɗaga katifa, ka gwada sakata. Ka nemi wuri kusa da abin da ya kawo ka, ko Kantin Kwari ne ko asibiti, domin tun da aka janye tallafin mai a 2023 nisa ma kuɗi ne. Idan kuma gidan ɗan gari za ka, ka yi waya tun da wuri, ka faɗi ku nawa ne, ka faɗi ranar komawa, ka riƙo ko da tiyar gero da albasa. Wanda duk wannan ya yi masa nauyi, to ya shirya shimfiɗa, domin yaron nan na birni ya fara tambayar yaushe ake girbi, kuma shi ma ya koyi cewa "mu".