Sharuɗɗan Yin Ƙarya a CV, Ga Mai Neman Aiki a Agadas

Ɗan'uwa mai neman aiki, kafin ka nufi shagon mai buga takardu, ka tuna Agadas gari ne da kowa ya san kakan kowa. Mai karanta CV ɗinka, in bai ci tuwon sunanka ba, to ya sha shayi da kawunka. In duk da haka ka ƙudurta yin ƙarya, ga sharuɗɗanta.

Na farko, ka haddace tarihi. A 2014 aka kafa Jami'ar Agadas. In ka rubuta cewa a 2009 ka karɓi digiri a can, ka riga jami'ar zuwa, kuma za a so jin wanda ya koyar da kai. Haka kamfanin Cominak na Akokan ya daina haƙar uraniyom tun Maris ɗin 2021. In ka ce har yau kana shiga ramin, kai da aljanu ke aikin.

Na biyu, harsuna. Kowa na rubuta "Ingilishi: ƙwarai da gaske", ranar ganawa a jefo masa tambaya ɗaya ya koma kallon fanka. Hausa da Tamajak da kake ciniki da su kullum a kasuwa kuwa ka tsallake su, wai ba na boko ba ne. Alhali ƙungiyoyin agaji masu aiki da makiyaya da baƙin haure tafinta suke nema. Ka sa su kusa da Faransanci, har da Fulatanci ko Tubanci in kana ji, ka faɗi wanda kake rubutawa da wanda a baki kawai ya tsaya.

Na uku, in direba ne kai, kada ka yi rantsuwar cewa haɗari ba ya samun irinka. Bishiyar Tenere ita kaɗai ce tsaye a filin Allah, amma a 1973 sai da wani direba ya lalubo ta ya buge, ga gawarta can a gidan tarihi na Yamai. Abin da mai ɗaukar aiki ke son gani shi ne nau'in parminka, shekarun da ka yi kana tuƙi, hanyoyin da ka sani, ta Arlit ko ta Dirku, da ko kana iya fid da Hilux in ta kafe a rairayi.

Na huɗu, shekarun da ka ɓace. In kana cikin waɗanda suka ruga Jado neman zinariya a 2014, kada ka naɗa wa kanka rawanin "Babban Daraktan Ma'adinai". Rami ka haƙa, kuma ba abin kunya ba ne. Faɗi mutum nawa ka jagoranta, da yadda ka riƙe kuɗin ruwa da abinci ba a yi rigima ba. Wannan shi ne riƙon amana, kuma ana biyan albashi a kansa.

Na biyar, tsawo da hoto. Hasumiyar babban masallaci ce ke da mita 27, CV shafi ɗaya ko biyu ya ishe shi. Hoton da ka ɗauka ranar bikin Biyanu kana ɗaga takobi ka bar shi a Facebook. Lambar waya kuma ka sa wadda kai ke ɗauka, ba ta ƙanenka mai yawon kabu-kabu ba.

Na shida, dosiye. Takardar kotu mai shaida ba ka da laifi wata uku take yi ta tsufa. Ka tanadi katin hukumar samar da aiki ta ANPE da kwafin takardun makaranta masu hatimi. Waɗanda za su yi maka shaida kuma ka sanar da su tun da wuri, kada a kira mutum ya ce, "Wa ke nan?"

Ka ga dai ƙarya aiki ce ja: ga hadda, ga lissafin shekaru, ga koyon Ingilishi a dare ɗaya. Wanda ke da wannan ƙwazon ai da tuni ya samu aiki. Malalata irinmu gara mu rubuta gaskiya, mu ba wani ya duba mana kurakurai, mu kai dosiye kafin a rufe karɓa.