Sannunku da Sa Ido, Masu Kula da Lafiyarmu

Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Shi ya sa yau na ɗauki alƙalami domin in sauke wani nauyi da talakan Najeriya ya daɗe bai sauke ba, wato yi wa mahukuntanmu godiya kan yadda suke sa ido a kan asibitocin gwamnati. Jama'a sun cika butulci. Kullum sai ƙorafi: babu likita, babu magani, babu gado, babu wuta. Ba wanda ya tsaya ya auna irin juriyar da ake bukata kafin mutum ya shekara arba'in yana kallon abu yana rugujewa bai ko ƙifta ba. Ido aka ce su sa, sun kuwa sa shi. Wa ya ce musu su sa hannu?

Mu fara da riƙon amana. Ranar 31 ga Disamba, 1983, lokacin da Birgediya Sani Abacha ya sanar da kifar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, ya lissafa halin asibitoci cikin dalilan juyin mulkin. Ya ce sun koma wuraren ganin likita kawai, ba magani, ba ruwa, ba kayan aiki. Tun daga ranar gwamnatoci suka yi ta zuwa suna wucewa, na kaki da na babbar riga, kowace ta karɓi wannan gado ta adana shi, ta miƙa wa ta gaba ko ƙwarzane bai yi ba. Har ci gaba aka samu. A da mara lafiya yakan ga likita ya rasa magani, yanzu an rage masa wahala, a wurare da yawa likitan ma ba ya nan.

Sai kuma kara da kawaici. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin lafiya. Mu ne masu masauki, sunan babban birninmu ma alkawarin yake ɗauke da shi. To ai mai gida ba ya rigan baƙo sa hannu a akushi. Fiye da shekara ashirin ke nan kason lafiya a kasafin tarayya yana kai-komo a kusa da kashi 5, muna jiran baƙi su gama cika nasu tukuna. A 2014 aka sa hannu kan dokar lafiya ta ƙasa, wadda ta ce a ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Sai a 2018 kuɗin ya fara shiga kasafi. Shekara huɗu ana nazarin kashi ɗaya tak! Wannan natsuwa ba kowace ƙasa Allah ya ba ta ba.

Amma inda gwanintar ta fi fitowa shi ne wajen ma'aikata. Ƙasashe da yawa suna alfahari da abin da suke fitarwa waje, wasu shinkafa, wasu motoci. Mu likitoci muke fitarwa, gangariya, waɗanda aka horar a jami'o'in gwamnati da kuɗin talaka. A 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabata, waɗanda suka rage kuma ba su wuce 55,000 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. A Ingila kaɗai akwai likitoci sama da 10,000 da suka yi karatu a Najeriya. Ka ji kyauta ta girma: manomin da matarsa ke naƙuda a bayan amalanke shi ne yake tallafa wa asibitocin Landan da Riyad da ƙwararru, ko tukwici bai nema ba.

Kada wani ya ce mahukunta ba su lura da wannan ƙaura ba. Sun lura, har sun yi bayani mai kwantar da hankali. A 2018 Ministan Lafiya na lokacin, Isaac Adewole, ya ce ba dole ne kowane likita ya zama ƙwararre ba, wasu za su iya yin noma, har ya ba da misali da telan da ke masa ɗinki, wanda shi ma likita ne. A 2019 Ministan Ƙwadago Chris Ngige, wanda shi kansa likita ne, ya ce likitoci sun yi mana yawa, mai son tafiya ya tafi. Duk wanda ya yi sammako ya kama layin kati tun asuba, bai ga likita ba sai bayan la'asar, ya sani cewa idonsa ne yake yaudararsa. Likitocin suna nan birjik, yawansu ne ya hana a gan su.

Waɗanda suka zauna kuwa an san yadda ake karrama su. Shekara da shekaru, har zuwa 2021, alawus ɗin kasadar aiki naira 5,000 ne a wata, ga mutumin da ke tsoma hannu cikin jinin mai zazzaɓin Lassa. A watan Janairun 2020 wannan zazzaɓi ya yi ajalin likitoci biyu a Kano, suna bakin aikin ceton rai. Da likitoci masu neman ƙwarewa suka tafi yajin aiki a watan Agustan 2021, suka yi wata biyu, sai aka fito musu da maganin da bai taɓa ƙarewa a rumbun gwamnati ba: ba aiki, ba albashi. Ana cikin yajin ne masu ɗaukar ma'aikata domin Saudiyya suka zo Abuja, likitoci suka yi dafifi a wani otal riƙe da takardunsu. A 2023 kuma wani ɗan majalisar wakilai ya kawo ƙudirin hana likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aiki na shekara biyar. Basira ke nan. Idan tsuntsu yana tserewa saboda yunwa, mene ne amfanin ɓarnar gero, alhali ga kwaɗo da za a ƙara wa keji?

Mu leƙa ƙauye, inda sa idon ya kai maƙura. Ana ƙiyasta asibitocin sha-ka-tafi a ƙasar nan sun kai 30,000. A watan Janairun 2017 aka yi gagarumin biki a Kuchigoro, kusa da Abuja, aka ƙaddamar da shirin farfaɗo da 10,000 daga cikinsu. Gini kam muna da gwanaye. A zuba bulo, a shafa fenti, a kafa allo mai sunan wanda ya kawo aikin, a yi jawabi, a watse. Abin da ya rage ɗan ƙarami ne, mutumin da zai zauna ciki ya duba mara lafiya. Amma ba a bar ginin haka ba, awaki suna samun inuwa, jemagu suna samun masauki. Inda aka yi sa'a akwai malamin asibiti guda, an ba shi damar nuna baiwarsa: shi ne likita, shi ne ungozoma, shi ke ba da kati, shi ke allura, da dare kuma shi ne mai gadi. Masu taya shi sau da yawa 'yan sa-kai ne, sun yi karatun sun gama, suna aiki ba albashi, suna jiran ranar da za a ɗage takunkumin ɗaukar ma'aikata.

Tsarin rabon aikin ma abin koyi ne. Sha-ka-tafi na ƙaramar hukuma, babban asibiti na jiha, asibitin koyarwa na tarayya. Saboda haka idan mace ta mutu a hanya tsakanin ukun, ba laifin kowa ba ne. A 2009 aka ɓullo da shirin tura ungozomomi karkara, aka raba biyan haƙƙinsu tsakanin matakan gwamnati uku. Jihohi da ƙananan hukumomi da dama suka bar wa juna ladan biya, ungozomomin suka gaji suka tattara nasu ya nasu. Idan kuma masu rangadi za su zo duba asibiti, saboda ladabi sukan aiko da sanarwa tun da wuri. A yi shara, a shimfiɗa zanen gado, wanda bai zo aiki ba tun watan jiya ya bayyana da fararen kaya. Baƙi su sa hannu a littafi, su rubuta cewa komai lafiya lau, jiniya ta yi gaba.

Ƙoƙari irin wannan ba ya tafiya a banza, ga shi mun zo na ɗaya a duniya. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a 2023 mata kimanin 75,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a doron ƙasa. Mace 200 ke nan a kowace rana, zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda. Indiya ta ninka mu sau shida a yawan jama'a, amma mun ba ta rata. An kuma koya wa talaka dogaro da kai. Kafin a taɓa mara lafiyarsa za a miƙo masa takarda ya nufi kemis: safar hannu, auduga, ruwan ƙari, zaren ɗinki, wani lokaci har man janareto. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyata yake fitowa. Ko Asibitin Koyarwa na Ibadan, wanda aka buɗe a 1957, ya yi watanni cikin duhu daga ƙarshen 2024 saboda bashin kuɗin wuta, domin a nuna cewa ba a fifita birni kan ƙauye.

Idan annoba ta zo, sai ka ga karamci wajen barin baƙi su samu lada. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ce ta fara ankarar da duniya. Da sanƙarau ya ɓarke a 2017, gwamnan jihar na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya danganta shi da zunuban jama'a. Bayani ne mai rahusa, ba ya bukatar firijin ajiye allurar rigakafi, ba ya bukatar albashin ma'aikaci.

Babbar sadaukarwar kuwa ita ce yadda manya suka bar wa talaka gadajen asibiti gaba ɗaya, suka ɗauki wahalar shiga jirgi. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi kusan wata uku yana jinya a Saudiyya daga Nuwamban 2009. Marigayi Muhammadu Buhari ya yi sama da kwana 100 a Landan a tafiya ɗaya a 2017, a can kuma ya cika a watan Yulin 2025. Allah ya jiƙansu da rahama. A watan Oktoban 2017 uwargidan shugaban ƙasa, Aisha Buhari, ta fito fili ta ce asibitin fadar shugaban ƙasa ko sirinji babu, na'urar ɗaukar hoton ƙashi ma ba ta aiki. Wannan shi ne asibitin da ke ƙarƙashin hancin masu sa ido. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Yabo ya ƙare a nan, saura gaskiya. Waɗannan alƙaluma iyayenmu ne da matanmu da 'ya'yanmu, kuma mafi yawansu da an yi abin da ya kamata da suna raye. Kula da asibiti shi ne a san wa ke bakin aiki ƙarfe biyun dare, a biya shi haƙƙinsa kan kari, a cike gurbin wanda ya tafi, a saki kuɗin da aka rubuta a kasafi, a hukunta wanda ya karkatar da magani. Shugaban da bai yarda ya kwanta a gadon da ya tanadar wa jama'arsa ba, shi da kansa ya yanke wa aikinsa hukunci. Kai kuma mai karatu, idan masu neman ƙuri'a suka zo ƙofar gidanka, kafin ka karɓi atamfa ko taliya, kai su asibitin unguwarku su gani da idonsu, ka tambaye su ma'aikata nawa za su kawo, kuma yaushe. Ran talaka amana ce a wuyan mai mulki, kuma akwai ranar da za a tambaye shi.