Yadda Na Yafe Wa Mutanen Isa Bashi Ba Da Niyya Ba

Ƙanena direban tirela ne, yana kai albasa Legas. Shi ya kawo mini wayar a farkon 2021, daga kasuwar Computer Village ta Ikeja, cikin kwalin da ba nata ba. Ya ce 'yar Landan ce, wata tsohuwar Baturiya ce ta riƙe ta, ba ta kiran kowa sai likitanta. Daga baya na lura duk wayar da ta fito daga Landan tsohuwar nan ce ta riƙe ta. Allah ya ƙara mata lafiya.

Waya ce baƙa wuluk, doguwa, gilashinta ya lanƙwasa ta gefe, in ka ɗora ta a tafin hannu sai ka ji kai ma wani ne a garin. A daren na kira uwargida, na cire layina daga tsohuwar Tecno ɗina mai tsagaggen gilashi, na miƙa mata ita, na haɗa da ɗan jawabi kan yadda namijin kirki ba ya manta iyalinsa in Allah ya ɗaga shi. Ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya, ta tafi.

Na zura layin cikin sabuwar. Ta yi shiru, sannan ta fito da wani ɗan akwati tana neman lambar buɗe layi. Na ba ta sifili huɗu. Ta ƙi. Na ba ta shekarar haihuwata, ta ƙi, na gwada ta ƙanena tunda shi ya sayo ta. Sai na ga ashe a ƙasan akwatin tana ƙirga sauran damar da ta rage mini, kuma lissafin ƙasa yake yi. Na janye hannuna.

Da safe layina ya koma cikin Tecno, a rami na biyu, kusa da na uwargida. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da Itel da Infinix, ya san mu sarai, rami biyu yake yi wa waya, kuma ba ya tambayar layi daga ina ya fito. Abin da hakan ya jawo shi ne duk wanda ya kira ni, uwargida ce ke ɗauka. Ita kuma 'yar Landan sai ta koma cin arzikin tsohuwar: uwargida ta kunna mata intanet daga Tecno, ni kuma in zauna inda iskarsa ke kaiwa. Na auna da ƙafata, daga ƙofar ɗakinta ne zuwa gindin dalbejiyar tsakar gida. Zaure ba ya ciki. Majalisa kuwa ba a magana.

Shekara da shekaru uwargida tana fama da ni kan hirar dare, ga shi wani kamfani a Ingila ya yi mata maganin abin a kyauta. In na yi magana ba daidai ba, ba ta ce mini komai. Sai dai in ga ɗan fankan nan na saman gilashi ya ɓace.

Duk da haka wayar ta yi mini rana. Ni malamin firamare ne, amma kowa ya san albashi ba ya kai mutum ƙarshen wata, don haka ina ɗan sayen gero da wake da kaka in ajiye, in bayar bashi da bazara. Dā a littafin makaranta nake rubuta sunayen masu bashi. Da na yi babbar waya sai na ga littafi ƙauyanci ne. Na kwashe komai na zuba ciki, suna da tiya da kuɗi da ranar alkawari, littafin kuma ya tafi wurin mai ƙosai. Wayar ta sha tambayata ko ta ajiye kwafi a Google. Uwargida ta ce abin nan shi ke shanye mata data, a kashe shi. Aka kashe.

Sai watan Satumba ya zo. A farkonsa aka katse layukan sadarwa a Zamfara saboda 'yan bindiga, ranar 20 ga wata kuma aka bi da ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da garinmu Isa da Sabon Birni. Wanda ya zauna a nan lokacin ya san babu abin dariya a cikin dalilin, kuma ba shi na zo bayarwa ba. Abin da ya shafi labarina shi ne mutane sun koma layin Nijar. Mu dama iyakar nan a takarda take. Gobir ɗaya ce, rabin danginmu suna Tibiri da Maraɗi, lamba mai farawa da 227 ba baƙuwa ba ce a wayar kowa. Wanda ya samu layin Airtel na Nijar ko Moov ko Zamani sai ya nufi ƙauyukan bakin iyaka, ya nemi tudu, ya ɗaga hannu sama.

A tsakiyar wannan ƙanwar uwargida ta haihu a Tibiri. Uwargida ta shirya, ta ciro layina ta ajiye mini cikin murfin kwalbar man shafawa, ta saka Tecno a jaka.

"Malam, ai kai ad da babbar waya," in ji ta.

Ɗan yayata yana gida a lokacin, makarantarsu ta yi hutu. Yaro ne mai kai, ya kalli bidiyon gyaran waya a YouTube fiye da yadda ya kalli littafinsa. Ya juya wayar gaba da baya, ya ce, "Kawu, wagga matsala ƙarama ta. Butloda ta aka buɗewa, shi ke nan ta amshi kowane layi, ko na Sin." Ban san abin da ya ambata ba, amma yadda ya faɗe shi ba gargada ya kwantar mini da hankali.

Muka tafi Sabon Birni, daga can muka ƙara gaba zuwa wani ƙauye da aka ce sabis ɗin Nijar yana sauka a bayan makarantarsu. Mun tarar da wurin ya zama kasuwa. Ga mai shayi, ga mai sayar da katin waya da sefa, ga wani dattijo a kan reshen bedi yana ihu cikin waya yana tambayar farashin raguna, ƙasa kuma mutane sun yi layi suna jiran ya sauko su hau. Na sayi layin Nijar a hannun wani saurayi. Ɗan yayata ya roƙi wani ya ɗan buɗe mana intanet, ya shiga cikin saitin wayar, ya sami wani layin rubutu ya dinga dangwala masa yatsa har sau bakwai. Wai haka aka tsara, sai an ƙwanƙwasa sau bakwai ɓoyayyen shafin masu ƙera manhaja ke bayyana. Ya kunna wani maɓalli a can, ya kashe wayar, ya danne maɓallan gefe, ya soka mata igiyar caji. Gilashin ya koma shuɗi, cike da ƙananan rubutun Turanci.

Rana tana dukan gilashin, tabarauna kuma yana gida. Na ce, "Mi ta ce?"

"Gaisuwa ta irin ta kamfani, Kawu."

Ya danna. Wayar ta mutu, ta tashi, ta sake mutuwa, ta daɗe tana tunani. Da ta farfaɗo sai ta yi mini maraba, ta tambaye ni da wane harshe nake so mu yi magana, alhali wata da watanni muna kwana ɗaki ɗaya. Yaron ya zura layin Nijar yana murmushi. Ɗan akwatin nan ya fito, da ƙirgensa daidai inda na bar shi.

Na karɓe ta na shiga neman hotunan sunan autana. Babu. Na nemi karatun da na tara. Babu. Na buɗe wurin rubutu, inda gero da wake na rabin unguwa suke kwance, na tarar da farin shafi da wata 'yar gayyata cewa in rubuta abu na farko. Da na ɗago kai, yaron ya riga ya kai wurin mai shayi, yana taya shi hura wuta.

A Sakkwato aka yi mini bayani, tunda cikin birni ba a katse layi ba. Mai gyaran da aka kai ni wurinsa Bayarabe ne, haifaffen garin, Hausarsa ta fi tawa gudu. Yana ganin zanen fuskata ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "A'a, bawana ne da kansa! Me ka ɓata?" Na ce bawa dai shi ne wanda ke zaune yana yi wa ubangidansa aiki, ga waya. Ya kunna ta, ya ga gargaɗin da take yi yanzu duk lokacin tashi, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gani.

Ya ce kulle biyu ne, ba ruwan wani da wani. Na farko na wanda ya ƙera wayar ne: wani ɗan tsari ne da ke fara farkawa in an kunna ta, ya duba ko manhajar da ke ciki ta kamfani ce. Masu son canza manhaja gaba ɗaya su ke buɗe shi, kuma da gangan aka yi duk wanda ya buɗe sai komai ya goge, don kada ɓarawo ya bi ta nan ya karanta sirrin mutane. Rubutun shuɗin gilashin nan abin da yake faɗa ke nan. Na biyun na kamfanin layi ne. A Ingila suna ba mutum waya ya dinga biya wata-wata, sai su ɗaure ta kada ya gudu wurin wani. Kowane layi yana ɗauke da lambar ƙasarsa, Najeriya 621, Nijar 614, ita kuwa tawa 234 take jira ta gani, da lambar kamfaninta a biye.

"Ƙofar gida aka kulle maka," in ji shi, "ka je ka ɓalle ta rumbu, kaji suka shiga."

Ya ƙara da cewa ni na ma yi rashin sa'a ne da wayata mai sauƙin kai ce. Huawei tun 2018 suka daina ba da lambar buɗe wancan kullen. Xiaomi kuwa sai sun sa mutum ya jira awa 168, mako guda cur, ko zai yi tunani. Da irinsu na samu, da yaron ya koma makaranta kafin ya kai ga geron.

Abin da ya fi ƙona mini rai na ji shi ne daga baya: a watan Disamba na 2021 hukumar sadarwa ta Ingila, Ofcom, ta hana sayar da waya a kulle kwata-kwata. Su da suka ƙirƙiro abin sun gaji da shi sun yar. Waɗanda suka riga suka ɗaure kuwa suna nan suna ta sauka Ikeja da Farm Centre ta Kano, an saye su da kuɗi sau biyu sau uku, har yanzu suna yi wa wani ofishi a Landan biyayya.

Maganin ashe ɗan kaɗan ne. Ya danna *#06#, lamba 15 ta fito, wadda ake kira IMEI, ya tura wa wani a intanet, ya caje ni kuɗin da ya ce na bayi ne, an yi ragi. Na kwana gidan wani ɗan'uwa har lambar ta iso. Ya shigar, akwatin ya ɓace, sandunan sabis suka miƙe reras. Kira na farko da ya shigo na wani dillali ne da ke bi na kuɗin buhuna. Manhajar banki kuma ta ce ba za ta zauna a wayar da aka ɓalle ba, sai an mayar da kullen farko, mayarwar kuma tana sake goge komai. Na ce ya goge, babu abin da ya saura sai gaisuwa.

Na koma Isa da waya mai karɓar layin kowace ƙasa a duniya, garin kuma babu sabis ko na rantsuwa.

Amma labari ba ya jiran sabis. Ban gama wanke ƙurar hanya ba aka fara sallama. Mutanen da dā in sun hango ni suke canza lungu, su ne suka cika zauren, fuska a sake, suna jaje. "Malam, mun ji abin da yas samu wayakka. Allah shi maida alheri." Wanda na tabbata tiya goma ya ɗauka ya ce shi dai abin da yake tunawa uku ne, amma in na ga rubutu ya nuna huɗu ba zai yi gardama da rubutu ba. Wani ya rantse ya biya tun kafin Sallah, a gabana na shigar a waya, har ya yaba kyawunta. Na aika yaro wurin mai ƙosai ko littafin yana nan. Ya dawo da shafi ɗaya, ya jiƙe da mai, kuma na waɗanda suka riga suka biya ne.

Bayan an watse, wani dattijo da ya fi kowa nauyin bashi ya tsaya yana gyara hula. Ya leƙa waje, ya dawo, ya matso kusa da kunnena.

"Malam, yaron nan ɗan yayakka, shina gari? Mai shagon bakin tasha ma cikin waya yaka rubuta nashi, kuma na ji shina cewa tana mishi nauyi."