Zuwa ga Bakanon da ya sayi keken tsere

Alhaji Na-Kwari, bawan Zazzagawa, ina gajiya? Ko da yake tambayar ɓata baki ce. Wanda ya wuni a kan benci yana lissafin yadi, ina zai samo gajiya?

Labari ya iske ni har Jos cewa ka sayi keken tsere. Ba Rale irin na iyayenmu mai kariya da ƙararrawa ba, siririn nan mai lanƙwasasshen kai. An ce har da hular kwano da baƙin tabarau da wandon nan mai ɗame jiki. Wandon ne ya hana ni barci. An yi wa garinku kirari da tumbin giwa, kai kuma ka ɗauke kirarin kacokan ka ajiye a gabanka, yanzu ka ce za ka cusa shi cikin roba. Ka ji tsoron Allah, Alhaji, akwai yara a unguwa. Amma dai madalla. Likita ya daɗe yana yi maka magiya, kuma gara feda da layin asibiti.

Cika bakin ne ban yarda da shi ba. An ce kana zagaya Filin Sukuwa da sassafe, ka dawo gaban kanti kana huci kana cewa babu tudun da zai gagare ka. Wane tudu ka sani? Dala, da aka yi mata matattakala don irinku? Ko gadar sama ta Ƙofar Nasarawa? Kada ka kawo mini zancen duwatsun Riruwai. Na san a jiharku suke, na kuma san ba ka taɓa zuwa ba, tunda ba a sayar da shadda a can. Birninku bai kai mita 500 daga saman teku ba. Zariya ta haura 600, wato ko a zaune muke mun fi ku tsawo. Jos kuwa tana wajen mita 1,200, ƙololuwar duwatsun Shere da ke gabashin gari ta kai 1,829. In ka isa, ka ɗora keken a mota ka taho.

Kafin ka taso, ga abin da ba a koyarwa a Kwari: tudu ba ya ciniki. Kai da ko kuɗin aski sai ka taya, a ce albarka, ka juya baya don a kira ka, a nan babu mai kiranka. Yadda hawan yake jiya haka yake yau, ba ragi, ba gyara, ba “don darajar Alhaji”. Giyoyin nan da ka biya kuɗinsu su ne kawai masu cetonka. Tun kafin hawa ya kama ka, ka mayar da sarƙa kan ƙaramin faranti na gaba da babba na baya, ƙafa ta riƙa juyawa da sauƙi ko da mai tura baro zai wuce ka. In ka bari sai sarƙa ta ɗaure sannan ka nemi canji, ƙara za ka ji, sai kuma mai gyara. Na san halinka, za ka ce a adana giya mai sauƙi kada ta cinye. Yi amfani da abinka, mutumina, ba gado za a raba ba.

Ranar farko zan tausaya maka. Za mu bar Jos mu bi ta Bukuru mu karkata zuwa Vom. Hanyar tana hawa tana sauka a hankali, daidai ƙarfin mai shago. Hagu da dama za ka ga tafkuna masu kyau da jajayen tuddai a gefensu. Ba Allah-ya-yi ba ne, ramukan kuza ne da kamfanonin Turawa suka haƙa suka tafi suka bari, ruwa ya cika su. Ka kalla, ka ɗauki hoto, amma ko alwala kada ka sunkuya yi a bakinsu, suna da zurfi kuma suna cin mutane. A nan zan ba ka haƙƙinka ko da raina ba ya so: tun kafin Bature ya san hanyar Filato, mutanen Riruwai suna narka kuza, fatake suna yawo da ita kasuwanni. Ka ga, ko a wancan zamanin ku ne masu sayarwa, wasu ne masu haƙa.

A Vom akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa, wadda aka kafa a can a 1924 don yaƙi da cutar bushiya da ke ƙarar da shanu. Ka san daga ina aka taso da ma'aikatar? Daga Zariya. Ƙaramin jirgin ƙasan da ya fara hawa Filato yana kwaso kuza, wanda ya iso a 1914 ya yi aiki har 1957, ka san daga ina yake tasowa? Daga Zariya. Ba gori nake yi maka ba, tarihi nake karanta maka kyauta, tunda na san in da kuɗi ne ba za ka saya ba. A gefen Vom ɗin, wajen ƙauyen Chaha, ana noman sitiroberi, jan ɗan itacen nan da kake gani a kwali kana cewa daga Dubai yake. Ƙasar Birom ce, gidaje da gonaki an kewaye su da shingen ƙyarana. In fitsari ya matse ka, ka nisanci shingen. Ƙaya gare shi, farin ruwansa kuma ba ya shiri da ido.

Rana ta biyu sai Riyom. Daga kan titi za ka hango duwatsu an ɗora wani kan wani, na saman ya karkata har ka rantse yau zai faɗo, alhali haka kakannin kakanni suka same shi. Mutanen jihar suna cewa siffarsa ta yi kama da taswirar Filato. Na san abin da za ka fara tambaya: tifa nawa za a samu in an fasa? Rufe bakinka kada su ji.

Daga nan hanya ta nufi Hawan Kibo, inda tudun Filato ke karyewa ya gangara ƙasa, kuma a nan nake so ka buɗe kunne. Gangara bashi ce. Lokacin karɓa iska na kaɗa ka, ba ka taka komai, kana ganin kai ne zakaran duniya. Ranar biya tana nan tana jiranka a hanyar dawowa, kuma ba a yafe ko sisi. Kai da ka rubuta a bangon shagonka cewa ba bashi yau sai gobe, ai ka fi kowa sani. Ka riƙe birki biyu tare, kana kamawa kana saki. In ka danne na gaba shi kaɗai, kai za ka riga keken isa. Ka kuma tsaya a gefenka, domin manyan motoci na bin hanyar, kuma ba yau birki ya fara tsinke musu a wannan gangaren ba. Ladan wahalar yana ƙasa: ruwan Assop, kimanin kilomita 60 daga Jos, yana zubowa a kan duwatsu cikin itatuwa. Ka zauna ka tsoma ƙafa. Dawowa kuwa, na riga na yi magana da mai a-kori-kura. Ba don na raina ka ba. Don Hajiya ta roƙe ni ne in dawo mata da kai a tsaye.

In ka rayu, akwai babbar tafiya. Daga Mararrabar Jama'a a bi ta Heipang inda filin jirgin sama yake, a wuce Barikin Ladi, a shiga Mangu, a bi ta Panyam a hau Pankshin, wajen kilomita 120 daga Jos. 'Yan tseren gaske a wuni ɗaya suke cinye ta. Kai za mu raba maka ita gida-gida, da kwana a hanya da man zafi. A yankin Barikin Ladi ne Kurra take, inda kamfanin NESCO ke samar da lantarki da ƙarfin ruwa tun wajen 1929, saboda ma'adinan kuza. A ƙasar Mangu, wajen Kerang, akwai tsofaffin duwatsu masu aman wuta da suka daɗe da mutuwa, daga gindinsu ruwan Swan da kake sayar wa baƙi ke ɓuɓɓugowa. Eh, sayarwa na ce. Ƙasar wajen tana da ƙarfi, shi ya sa dankalin Turawa da masara suke yi yadda suke yi. Gaba kuma sai ƙasar Angas, duwatsu a jibge, gonaki a tsakaninsu, har ka shiga Pankshin.

Dabara ɗaya na yi: ba za mu bi ta Mangu ranar Juma'a ba. Ranar kasuwa ce. In ka ga buhunan masara da dankali, ka ji farashi, ka kwatanta da na Dawanau, shi ke nan tafiya ta ƙare. Ina ganinka yanzu kana neman igiya, kana tambaya ko keken tsere zai ɗauki buhu biyu. Ba zai ɗauka ba. Kai kaɗai ma alfarma yake yi maka.

Sai zancen lokaci. Ka zo ƙarshen damina, Oktoba zuwa Nuwamba, ciyawa na kore, ruwan Assop na da ƙarfi, sama ta lafa. Yuli da Agusta ruwa ba ya sallama, wani lokaci har da ƙanƙara. Disamba da Janairu kuwa sanyin asuba kan sauko kusa da digiri 10. Kai da hunturun Kano ke sa ka yi yaji da wanka, a nan sai dai mu yi maka taimama mu rufe ka da bargo. Ka zo da rigar sanyi mara nauyi, da famfo, da kayan faci, da gorar ruwa biyu. Masu faci a ƙauye sun saba da tayar babur, ba su san wannan taka mai cin iska da yawa ba.

Wannan kuma ba wasa a ciki. Ka san wasu yankunan nan sun sha rikici, kuma ba ko'ina ya gama hucewa ba. Ba a fita sai an tambayi 'yan gari labarin hanya, ba a tafiya mutum ɗaya, ba a bari magariba ta yi a daji. In ka shiga ƙauye ka sassauta, ka cire tabarau, ka yi gaisuwa. Hausa tana tafiya a duk inda za mu bi. In aka miƙo maka gwaten acca ka sha ka gode, kada ka tambayi nawa ne mudu.

Ranar hutu zan kai ka gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952, ka ga kawunan yumɓu na mutanen Nok. A gefensa akwai filin da aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya, ciki har da badalar Kano da masallacin Juma'ar Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu. Sai mu tsaya a tsakiya ka faɗa da bakinka wanne ne gini, wanne ne tarin ƙasa. In ka yi gaskiya, tsiren dare a wuyana. In ka yi gardama, ni ne dai zan biya, tunda tun muna yara ban taɓa ganin launin cikin aljihunka ba.

Ka taho da gurasa da ƙuli-ƙuli da turmin atamfa na uwargida, kuma kada ka sa mini a lissafi. In kana da abin cewa ka rama a mako mai zuwa, fili na nan. Sai dai ka samu yaron shago ya duba maka rubutun, kada ka sake aiko mini da rasit.